Fatsa da ƙugiyar gashin tsuntsu a Kogin Nilu lokacin bazara

Daga watan Afrilu zuwa farkon Yuni, lokacin da zafin rana yake haura digiri 40 a Sinnar da Singa da Damazin na ƙasar Sudan, ruwan Bahar Azraƙ, wato reshen Nilu mai fitowa daga Habasha, yakan ja baya ya yi garau, kafin damunar tsaunukan Habasha ta turo jan ruwa mai laka. Wannan ɗan tsakani shi ne ya fi dacewa da irin fatsar da ake yi da ƙugiya wadda aka ɗaura wa gashin tsuntsu ta yi kama da ƙwaro ko ɗan kifi, domin kifi da ido yake bin ta, kuma idan ruwa ya gurɓace ba zai gan ta ba. Hausawan da suka zauna a Mairuno da sauran garuruwan gaɓar kogi sun gaji birgi da kalli da mamari, amma wannan hanya baƙuwa ce ga yawancinmu, kuma ina ganin ta cancanci matasanmu su koye ta.

Asalinta daga ƙasashen sanyi ne, irin su Ingila da Amurka, inda ake kama kifin turawut da kifin bas. Turawut ba ya jure ɗumi, har masu fatsa a can sukan daina kama shi idan ruwa ya wuce digiri 20, saboda yana iya mutuwa ko da an sake shi. Bas ya fi shi juriya, amma shi ma idan rana ta take sai ya nutsa ƙasa ko ya shige inuwa. Ba mu da waɗannan kifaye a Nilu, sai dai dalilin da ke sa su gudun zafi shi ne yake juya karfasa da tsage da giwan ruwa: ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa kamar ruwan sanyi. Lita ɗaya ta ruwa tana ɗaukar kusan miligiram 9 a digiri 20, amma a digiri 30 abin yakan sauka zuwa kusan 7 da rabi. Saboda haka mai fatsa a bazara ya fara tambayar kansa inda iska da inuwa suke, kafin ya damu da tsadar kayan da ke hannunsa.

Iska tana inda ruwa yake gudu yana karo da duwatsu. Shi ya sa ƙasan madatsar Sinnar, wadda aka kammala a 1925, da ƙasan ta Rusairis ta 1966, da ta Jabal Auliya a kan Bahar Abyad, wato Farin Nilu, ta 1937, suka zama matattarar kifi da masunta, ko da yake dole ne a kiyaye iyakar da masu tsaron madatsa suka shata. Wanda yake nesa da madatsa ya nemi bakin gurbi mai zurfi inda ruwa mai gudu yake faɗawa, ko gindin itacen da ya faɗa kogi, ko gaɓar da bishiyoyi suka yi wa rumfa. Tsage yakan tsaya daidai inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya yana dakon ƙananan kifaye, karfasa kuwa tana kiwo kusa da ciyawa a ruwa marar zurfi.

Game da lokaci, a fita da zarar an idar da sallar asuba a yi aiki har hantsi, sannan a koma bayan la'asar sakaliya zuwa magariba. Tsakar rana ɓata ƙarfi ne kawai.

Sandar da aka saba amfani da ita tana kai kimanin mita 2.7, kuma ana yi mata lamba gwargwadon nauyin igiyarta: lamba 5 ko 6 ta isa karfasa, tsage kuwa yana buƙatar 8 ko 9. A nan ne bambancin yake da fatsar da muka sani, domin babu darma a bakin igiya, nauyin igiyar kanta shi ne yake ɗaukar ƙugiya zuwa inda ake so. A ƙarshenta ana ƙulla siririn zaren roba mai tsawon kusan mita 2, kuma idan tsage ake nema a ƙara 'yar waya ta santimita 10 zuwa 15, saboda haƙoransa suna datse zaren roba kamar reza.

Ƙugiyar ba sai an saya daga waje ba. Na ɗaura tawa ta farko da farin gashin wuyan zakara guda huɗu, da gashin zabo biyu a gefe, da ɗan zaren ƙyalli da na zare daga tsohon mayafi, na naɗe kan da jan zare na ɗiga masa gam. A hannu ba ta da wani fasali, amma da ta jiƙe aka ja ta sai gashin ya lafe ya riƙa buɗewa yana rufewa, tamkar ɗan kawara da ya ji rauni. Don karfasa a yi ƙarama mai launin ƙasa ko kore, ko a yanka ɓarin soson silifa a yi siffar fara mai yawo a saman ruwa, wadda ta fi aiki da yamma a ƙarƙashin bishiya.

Jifa ne yake ba mai koyo wahala, kuma gara a koye shi a fili, ba tare da ƙugiya ba. A shimfiɗa igiya kamar mita 8 a gaba, a ɗaga sanda da sauri zuwa saitin kunne a tsaya cak, a jira igiyar ta miƙe a baya, sannan a tura gaba a sake tsayawa. Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne gaggawar turawa kafin igiya ta miƙe, sai a ji ta yi ƙara kamar bulala, ƙugiya ta tsinke. A sa tabarau da hula ko rawani, domin iskar da ke tasowa kafin habub, wato guguwar ƙura, tana iya mayar wa mutum da ƙugiya a fuska.

Idan ƙugiya ta sauka, a bar ta ta ɗan nutse, sannan a riƙa jawo igiya da hannun hagu, kamu ɗaya-ɗaya. Tsage yana son ja mai sauri, kuma idan ya cafka kada a ɗaga sanda, a fizgi igiyar da ƙarfi, saboda bakinsa ƙashi ne kuma yakan yi tsalle ya tofar da ƙugiyar da ba ta shiga ba. Karfasa tana son a hankali, har a tsaya a jira.

Akwai abin da nake roƙon masu fatsa su kiyaye. Macen karfasa a bakinta take renon ƙwai da 'ya'ya, saboda haka idan ka kama wadda maƙogwaronta ya kumbura, ka jiƙa hannunka ka cire ƙugiyar tana cikin ruwa ka sake ta, kada ta daɗe a iska, domin kifin da ya gaji a ruwan ɗumi ba ya saurin farfaɗowa. Wanda za a ci kuma a yanka shi nan take, a cire kayan ciki da jan nan na ƙarƙashin kunne, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa, don a wannan zafi 'yan sa'o'i kaɗan sun isa ya lalace. Idan tsage ya yi yawa, gishiri ne maganinsa, kamar yadda ake yin fasikh, wato kifin da aka adana da gishiri, da shi da kawara.

Kada a tsaya cikin ruwan da ya kwanta mai ciyawa da katantanwa, saboda tsargiya, kuma baƙo ya tambayi masuntan wurin inda kada yake hawa kafin ya sa ƙafa. A tafi da ruwan sha fiye da yadda ake zato za a buƙata, kuma da an ji jiri ko ciwon kai a naɗe igiya a nemi inuwa.