Kiwon dodon koɗin ruwan zartsi a akwatin gilashi a Sakkwato

Wannan dodon koɗi ba irin na fadama ba ne. Gidansa bakin teku, inda kogi ke shiga ruwan gishiri har ruwan ya zama zartsi. Can yake rayuwa a kan duwatsu da saiwoyin itace, ruwa ya janye ya bar shi a fili, ya dawo ya rufe shi. Shi ya sa ake haɗa masa akwatin gilashi rabi ruwa rabi tudu, wanda masu harkar ke kira faludariyam. Iri biyu suka fi sauƙin riƙo: Neritina natalensis na gabashin Afirka, mai zanen baƙi da rawaya, girmansa kamar santimita biyu da rabi, da kuma Clithon corona, ƙarami mai 'yan ƙahonni a kwanso. A wajen masu sayar da kifin ado ake neman su.

Tun kafin a yi nisa: kada a je Gulbin Rima ko madatsar Goronyo a tsinto na can. Ba sa jure gishiri, kuma a cikin dodon koɗin ruwan daɗi ne ake samun masu ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya.

Akwati mai tsawon santimita 80, faɗi 35, tsayi 45 ya isa. Ruwa ya tsaya a santimita 18. In an cire wurin da duwatsu suka ci, zai rage lita 35 zuwa 40, wato wurin dodon koɗi biyu, in an matsa uku. Lissafin shi ne ɗaya ga kowace lita 20 ko kusa da haka, don abincinsu ba ya wuce abin da ya tsiro a jikin gilashi da dutse. In mai gilashi ne zai haɗa maka, ka tabbatar silikon ɗin, wato gam ɗin da ake manna gilashin da shi, zalla ne, ba mai maganin fumfuna na banɗaki ba, kuma a bar shi mako guda ya bushe.

Tudun ya ci kashi ɗaya cikin uku na akwatin. A jera duwatsu su yi gangare daga ƙasan ruwa har su fito waje, a jingina busasshen itace da aka dafa. Dutsen farar ƙasa irin wanda ake haƙowa a Kalambaina don yin siminti yana da amfani sosai a nan, domin yana sakin kalsiyam a hankali. Gwajinsa ba wuya: ɗiga masa ruwan khal, in ya yi kumfa shi ne. A ƙasan ruwan a shimfiɗa wankakken yashi kaurin santimita uku, a gauraya da dakakken murjanin teku in an samu. Murfi dole ne, kuma ya zauna daram. Dodon koɗin nan gwanin hawa ne, ko ramin da wayar lantarki ta bi sai an toshe shi da soso. In an tsinci wanda ya tsere a ƙasa ya rufe bakinsa, a mayar da shi bakin ruwa, sau da yawa yana da sauran rai.

Yanzu ga ruwan, kuma nan ne aikin yake. Ruwan teku yana da gishiri kimanin giram 35 a lita. Abin da ake so a nan kimanin giram 7 ne, wanda ma'aunin gishirin ruwa ke nunawa 1.005. Gishirin da za a sa shi ne haɗaɗɗen gishirin teku na masu kiwon kifi. Gishirin miya ba ya yi, don ba shi da kalsiyam da maganiziyam da sauran abin da kwanso ke ginuwa da su. Manda da kanwa kuwa ko kusa. A jarka mai lita 25 a zuba giram 175, a girgiza, a bar shi ya kwana, sannan a auna da rifraktomita, wato na'urar auna gishirin ruwa, a ƙara kaɗan in bai kai ba. Ba a zuba garin gishiri kai tsaye cikin akwatin da dabba ke ciki. In ruwan famfo ne a bar shi a buɗe kwana biyu kilorin ya fice, ko a sa maganin cire shi. Ruwan burtsatse ya fi sauƙi, amma ruwan 'yan ga-ruwa sai an san jarkar, domin wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ta gama aiki.

Gishiri ba ya bin tururi. Wanda ya riƙe wannan a Sakkwato ya rage wa kansa asara mai yawa. Da hunturu iska a bushe take, da bazara rana ta wuce digiri 40, ruwa kullum raguwa yake yi, gishirin kuma yana nan. Akwati mai lita 35 in ya rasa lita 7, gishirinsa ya tashi daga giram 7 zuwa kusan 9 a lita. In mutum ya cike gurbin da ruwan gishiri, mako ya zagayo ya sake, cikin wata biyu ya ninka zartsin bai sani ba. Don haka a ja layi da maka a jikin gilashi daidai bakin ruwa. Kowace safiya a cika zuwa layin da ruwan daɗi zalla. Ruwan gishiri sai ranar canji: kowane mako a zuƙe kashi ɗaya cikin biyar, a mayar da sabo mai gishiri daidai da wanda aka cire.

Zafin da suke so digiri 24 zuwa 28 ne. A Afrilu da Mayu wannan ba ƙaramin aiki ba ne. A aje akwatin a ɗaki mafi sanyi, kusa da ƙasa, nesa da taga da bangon da rana ke duka da yamma. Murfin gilashi a sauya shi da na raga, a ɗora ƙaramar fanka tana busa fuskar ruwa. Dabarar randa ce, tana sauke digiri biyu zuwa uku, sai dai tana ƙara shan ruwan, layin nan sai a riƙa duba shi safe da yamma. In abin ya ci tura a sa robar ƙanƙara a rufe ta yi iyo, ƙarama, don sanyin da ya faɗo farat ɗaya ma illa ne. A daren Disamba da Janairu hita mai wat 50 da aka saita a 25 ta wadatar. Matata ta soso mai aiki da famfon iska ta fi dacewa, kuma a tanadi famfo mai batir saboda ɗauke wuta, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai.

Kada a yi gaggawar sa su. Sabon akwati ya yi mako huɗu zuwa shida yana aiki, ana jefa ɗan ƙwayar abincin kifi lokaci-lokaci, fitila a kunne awa takwas zuwa goma, har gwajin ruwa ya nuna amoniya da naitirait, gubar da kashi da ruɓaɓɓen abinci ke haifarwa, duk sun koma sifili, gilashi kuma ya fara yin gansakuka. Galibin masu sayarwa a ruwan daɗi suke aje su, saboda haka a tambaya. In haka ne, a fara akwatin da ruwan daɗi ko 1.002, a riƙa ƙarawa bai fi 0.002 a mako ba. Ranar kawo su a zuba su a kwano da ruwan da suka zo da shi, a riƙa ƙara cokali biyu na ruwan akwati duk minti biyar har awa ɗaya da rabi, sannan a ɗora su a kan dutse bakinsu na kallon ƙasa.

Yunwa ta fi kashe su fiye da cuta. Akwati mai tsabta fes ga ido, ga dodon koɗi gidan yunwa ne. Da yawansu ba sa kula abincin kanti. Maganin yana tsakar gida: bokitin ruwan zartsi, duwatsu shida a ciki, a aje inda hasken safe ke samu. Cikin mako biyu za su yi kore da santsi. A ɗauki biyu a sa a akwati, in an kankare su tas a musanya. Ana iya gwada yankan kokwamba ko alayyafo da aka tsoma a tafasasshen ruwa, a cire ragowar da safe.

In kwanso ya fara yin fararen ramuka daga tsininsa, ruwan ya yi tsami ko kalsiyam ya yi ƙasa. A auna, pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya zauna tsakanin 7.5 da 8.3, a ƙara farin dutse ko dafaffen ɓawon ƙwai da aka daka. Ramin da ya riga ya fito ba ya cikewa, sabon tsiro ne zai fito lafiya. In duka suka haye tudu suka ƙi komawa kwana biyu, ruwan ne ya ɓaci, a gwada amoniya a canza rabi. Wanda ya faɗo rigingine a juya shi, wani ba ya iya juyawa da kansa. Wanda bai motsa ba kwana uku a ɗauko a sansana, mushensa ba ya ɓoyuwa, kuma guda ɗaya na iya lalata ruwan duka. Fararen ɗigo kamar riɗi a jikin dutse ƙwai ne, 'ya'yan da wuya su rayu a akwatin gida, a kankare da tsohon katin waya in sun dame ka.

Sai guba iri biyu. Duk maganin kifi mai jan ƙarfe a ciki yana kashe dodon koɗi, a karanta jikin kwalba. Na biyun maganin sauro ne, na feshi da na kunnawa. Mafi kyau kada a yi amfani da shi a ɗakin sam. In ya zama dole, a kashe famfon iska, a lulluɓe akwatin da leda da jiƙaƙƙen zane, a buɗe tagogi awa biyu kafin a yaye.