Yadda za ka gwada sabulun aski har ka gane wanda ya karɓi fatarka

Duk ranar da fuska ko ƙeya ta yi raɗaɗi bayan aski, reza ake fara zargi. Sau da yawa laifin na kumfa ne. Aikin sabulun aski biyu ne kacal: ya riƙe ruwa a jikin gashi har ya yi laushi, sannan ya bar santsin da ƙarfe zai zame a kai ba tare da ya kankare fata ba. Gashi yana buƙatar minti 2 zuwa 3 a jiƙe kafin ya saki, shi ya sa wanzami ke ɓata lokaci yana murza kai da ruwa tun bai zaro aska daga zabira ba. Sabulun wanka yana kumfa, amma kumfarsa manyan ƙwayoyi ce masu saurin fashewa, kuma a iskar hunturun Kano kafin ka gama kunci ɗaya ɗayan ya bushe. Sabulun wanki mai soda kuwa kada ya kusanci fuskar da za a ɗora wa reza.

Ka fara da juya kwalin ka karanta abin da aka haɗa shi da shi, domin a kan jera sinadaran ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. Idan "stearic acid" ko "potassium stearate" na cikin na farko-farko, kumfar za ta yi kauri ta daɗe a tsaye. Man kwakwa yana sa kumfa ta tashi da wuri, sai dai in ya yi yawa yana busar da fata. Gilisarin da man kaɗe su ke hana fuska ɗaurewa bayan an wanke. Kalmar "tallow" tana nufin kitsen saniya ko na tunkiya, "lard" kuwa kitsen alade ne, kuma wannan bai cika fitowa a sabulan aski ba, amma dubawa ba ta ɗaukar minti ɗaya. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne buroshin haɗa kumfa: mafi yawan masu araha da aka rubuta wa "boar" ko "pure bristle" gashin alade ne. Ka nemi na zaren roba. Ba ya buƙatar jiƙo, yana saurin bushewa, ba ya wari, kuma bai cika cin sabulu ba.

Sabulan da suka yi suna kowanne da halinsa. Arko na Turkiyya sanda ce mai giram 75 a naɗe cikin takarda, ana goga ta kai tsaye a jiƙaƙƙen gashi sannan a bi da buroshi. Ba ta da tsada, ba ta zaɓen ruwa, ƙamshinta ne kawai ke raba mutane, wasu su ce lemo, wasu su ce sabulun wanki. Proraso na Italiya mai koriyar roba yana da mentol, sinadarin nan mai sanyi na cikin Robb, farin kuma an yi shi ne domin fata mai saurin fushi. Cella, shi ma na Italiya, laushi gare shi kamar daskararren man shanu, buroshi na taɓa shi ya ɗauka. Tabac na Jamus tauri gare shi, ƙwallo ɗaya yana kai watanni, ƙamshinsa kuma yana bin mutum. Mitchell's Wool Fat na Ingila yana da maiƙon gashin tumaki, fata tana jin daɗinsa, amma ya yi ƙaurin suna wajen ƙin tashi a ruwa mai nauyi, wato mai yawan kalsiyam da magniziyam. Ba duka za ka tarar a shagunan kayan shafa na Sabon Gari ko manyan kantuna ba. Wasu sai ta intanet, wasu sai ka ba ɗan kasuwa mai zuwa Istanbul ko Dubai sautu. Kada ka sayi biyar rana ɗaya. Ku haɗu ku uku ko huɗu, kowa ya sayi iri ɗaya, a yanka da wuƙa a rarraba. Gutsure kamar girman goro ya isa aski da yawa. Mai tauri a goge shi da magogin kuɓewa, a danna shi da babban yatsa a gindin wankakkiyar robar man shafawa, a rubuta sunansa a murfi.

Kafin a yanke wa kowane sabulu hukunci a Kano, sai an san ruwan da aka haɗa shi da shi. A gida ɗaya yau ruwan famfo ne, gobe na burtsatsen maƙwabta, jibi na ɗan garuwa wanda ba ka san inda ya ɗebo ba. Ruwan rijiya da na burtsatse a wasu unguwanni yana da zartsi ko nauyi, wato kalsiyam da magniziyam sun yi yawa a ciki. Su ne ke barin farin ɓawon nan a gindin butar dafa shayi. Idan suka haɗu da sabulu sai su kama shi su mai da shi farar dauɗa mai manne wa kwano da tsakanin haƙoran gidan reza, kumfa ta ƙi tashi, mutum ya ce sabulun banza ne alhali ruwan ne ya cinye rabinsa. Gwajin ba shi da wuya. Samo gorar ruwa biyu iri ɗaya, zuba ruwan gidanku zuwa rabi a ɗaya, ruwan leda zuwa rabi a ɗayar. Kankaro sabulu daidai ƙwayar shinkafa ka jefa a kowacce, ka bari ya narke, ka girgiza sau 10. Idan ta ruwan leda ta yi kumfa mai tsayi, ta gida kuwa ta yi fari-fari kamar tsala da 'yar kumfa a sama, ka gano ɓarawon. Tafasa ruwa a bar shi ya huce ya kwanta yana rage wani ɓangare na nauyin, amma ba duka ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ware ledar ruwa ɗaya ta santilita 50 domin haɗa kumfa da jiƙa buroshi, ta isa har da saura. Wanke fuska kuwa kowane ruwa mai tsabta ya yi.

Ranar farko kada ka yi aski da sabon sabulu. Haɗa 'yar kumfa ka shafa a cikin gwiwar hannu, ka bar ta minti 5, ka wanke, ka duba wurin washegari. Ja, ƙaiƙayi ko ƙananan ƙuraje suna nufin wani abu a ciki bai karɓe ka ba, kuma galibi turaren ne: kirfa, kanumfari, ɓawon lemo da sandal sun fi yawan jawo haka, wasu mutane kuma maiƙon tumakin ne ba sa shiri da shi.

Haɗa kumfar ita ce inda gwaji ke gyaruwa ko ya lalace. Idan sabulun mai tauri ne, zuba masa ruwan ɗumi cokalin shayi ɗaya a kai, ka bar shi minti 2 ko 3 yayin da kake wanke fuska, sannan ka tsiyaye. Mai laushi ba ya buƙatar wannan. Tsoma buroshi a ruwa, matse shi, ka yarfe sau biyu har ya daina ɗiga. Juya shi a kan sabulun kamar sakan 30, mai tauri ko ruwa mai nauyi ka kai 45 zuwa 60, har bakin gashin buroshin ya yi danƙo ya manne da juna. Kuskuren da ya fi yawa shi ne rowar sabulu a wannan mataki, kuma babu yawan juyin da zai gyara shi daga baya. Daga nan ka koma kwano, ko tafin hannu, ko fuskar kanta. Ka riƙa ƙara ruwa ɗigo 4 ko 5 a lokaci ɗaya, ka juya sakan 15, ka sake ƙarawa. Da farko za ta yi kamar man goge haƙori, ba sheƙi, tana jan buroshi. Wannan ƙishirwa take ji, in ka yi aski da ita za ta toshe reza ta kuma bushe ta riƙa zuba kamar gari. Ci gaba da ba ta ruwa har ta fara ƙyalli, ƙwayoyinta su ɓace wa ido, ta zama kamar kindirmo mai kyau wanda ka ɗaga ludayi ya yi tsini ya ɗan sunkuya. Nan ake tsayawa. Idan ta koma kamar ruwan omo, manyan ƙwayoyi suna fashewa kana ganin fata ta cikinta, ruwa ya wuce kima, sai ka koma kan sabulu ka ƙaro. Yana da kyau da kowane sabon sabulu ka yi haɗi ɗaya na asara: ka yi ta ƙara ruwa da gangan har ya tsinke, domin ka san iyakarsa. Wani da ɗigo 20 ya gaji, wani yana shanye ninkin haka yana neman ƙari.

Tudun kumfa ba shi ne abin dubawa ba, duk da shi ne ke burge ido. Ɗebi kaɗan tsakanin yatsa biyu ka murza, ka ji ko tana zamewa ko tana tirjewa. Shafa wata a bayan hannu ka bar ta minti 5 ka ga ko tana nan ko ta ƙafe. Mafi muhimmanci, bayan reza ta wuce, jiƙa yatsa ka shafa wurin da ta share. Sabulun kirki yana barin santsi a nan, wanda zai ba ka damar komawa kan gashi ɗaya ko biyu da suka tsere. Wanda ya bar fata tana ƙara kamar wankakken faranti, komawa a kansa yanka ne.

Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Reza iri ɗaya, gidan reza ɗaya, buroshi ɗaya, ruwa ɗaya, tsawon gashi ɗaya. Kada a gwada wannan da sabuwar reza a gwada wancan da wadda ta yi aski huɗu. Kowane sabulu a ba shi aski uku aƙalla, domin na farko koyon ruwansa ake yi. Matsalar ita ce mai aski daga Juma'a sai Juma'a, sabulu huɗu za su ci masa mako 12, ya fara cikin sanyin Janairu ya ƙare cikin zafin Afrilu, fatar ma ta canza hali. Mafita ita ce raba fuska ko kai biyu: dama sabulu ɗaya, hagu ɗayan, a wanke buroshi sosai a tsakani, mako mai zuwa a musanya ɓangare, saboda kusan kowa hannunsa ya fi sauƙi a gefe ɗaya. Mai barin gemu yana gyaran saje da wuya kawai, shi ma haka zai yi, sai dai ya shafa kumfar siririya da yatsa a bakin layi don ya ga inda yake bi. Mai ƙwal-kwabo ya shafa rabi-rabi, kada ya lulluɓe kan gaba ɗaya ya bushe yana jira. Hausawa sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, kuma ko a zahiri, wurin da aka bari ƙarshe shi ne kumfarsa ta riga ta sha iska.

Alif shi ne alƙali. Bayan ka ɗauraye da ruwan sanyi, jiƙa ɗan dunƙulen alif mai sumul ka shafa a hankali, ka bar shi sakan 30, ka wanke. Inda ya yi zafi nan reza ta ci fata. Idan gefe ɗaya ya yi shiru ɗayan ya ɗau wuta, kuma bayan musanya zafin ya bi sabulun zuwa ɗaya gefen, an gama shari'a. Ka kuma bambance zafi biyu. Na sabulu yana farawa tun kumfa na zaune reza ba ta taɓa ba, ya game ko'ina har inda ba a aske ba, kuma maganinsa a wanke nan take a rabu da sabulun. Na reza tabo-tabo ne, a wuya da ƙarƙashin haɓa. Mai mentol yana ɓoye wannan na biyun, sanyinsa ya rufe raɗaɗin sai bayan rabin awa ya bayyana, don haka kada a yaba masa da wuri. Da bazara daɗi gare shi, da asubar hunturu kuwa azaba ne.

Sabulun salo ya cancanci shiga gwajin, amma da sanin halinsa. Ba ya zuwa iri ɗaya, na wannan mai sayarwa daban da na wancan, wani tokarsa ta yi yawa yana cizo, wani da tsakuwa-tsakuwa a ciki. Jiƙa shi ya narke, tace da ƙyalle mai laushi, ka haɗa cokali uku da man kaɗe rabin cokali. Santsi yana da shi, kumfarsa ce ba ta jimawa. A ganinmu ya fi amfani wajen wanke fuska kafin aski, ya cire maiƙo da ƙura ruwa ya samu shiga gashi, sannan sabulun aski ya hau.

Ƙurajen aski na wuya da ƙeya ba sabulu ke kawo su ba, ba kuma shi ke warkar da su ba. Gashinmu murɗaɗɗe ne, in aka yanke shi ƙasa da fata sai ya lanƙwasa ya koma ciki. Lokacin gwaji a bi kwanciyar gashi kawai, wucewa ɗaya ko biyu, ba danna reza, ba jan fata. Idan sun yi ruwa ko sun fara tauri suna haɗewa a ƙeya, a ajiye reza a ga likitan fata. Reza kuma ba a aronta, ko tsakanin wa da ƙani, saboda ciwon hanta da sauran cututtukan da ke bin jini.

Bayan kowane aski tsiyaye ruwan kan sabulun, ka bar murfin a buɗe har ya bushe, amma a cikin kabad ko a kife shi a karkace lokacin hunturu, in ba haka ba ƙura ce za ta zama kumfar gobe. Masu laushi irin Cella ba sa son zafin Maris zuwa Mayu, suna yin duhu ƙamshin ya juya. Ɗebi na wata ɗaya a ƙaramar roba, sauran a ɗaure a leda a sa a firji, in wuta ba ta zama a ajiye a gindin randa. Buroshi a ɗauraye shi har ruwan ya fita garau, a yarfe, a tsayar da shi inda iska ke ratsawa, ba cikin rufaffen banɗaki ba.