In ka ci karo da tsohuwar libarba mai wuƙa da zobban naushi, ga abin yi

Jama'a salamu alaikum. Masu harkar tsoffin kaya nan Yamai, 'yan kasuwar Katako da dillalan kayan tarihi, har da wanda ya buɗe akwatin kakanshi tsohon soja, da ku nake. Akwai wata 'yar bindigar aljihu da ake ce ma Apache, in an naɗe ta kaɗan ta fi tafin hannu, amma abu ukku ne a haɗe, libarba ce, wuƙa ce, kuma mariƙinta zobba huɗu ne da ake zura yatsu a kai naushi. Louis Dolne ne ya ƙera ta a birnin Liyej na Beljik a shekarun 1860, sunan Apache kuma daga baya ya bi ta saboda 'yan dabar Paris na wajajen 1900 da ake kira haka. Da wuya a gan ta nan, shi ya sa in Allah ya kawo ta hannunka bai kamata ka lalata ta da rashin sani ba.

Kafin komai ka ɗauka akwai harsashi ciki. Kar ka juya bakinta wajen mutum, kar ka taɓa kunamar, yara su yi nisa. Harsashinta irin na Lefaucheux ne mai milimita 7, kowane ɗaya yana da ɗan tsinken ƙarfe da ke leƙowa ta gefen ganga mai juyawa mai ramuka 6 inda harsasai ke zama, to in ka ga tsinke ya leƙo ka ajiye ta a hankali, don bugun tsinken nan ne ke tada albarushi, faɗuwa ƙasa ma tana iya sa ta tashi ko da ta shekara ɗari a akwati. Kuma don Allah kar wani ya ce bari a gwada a ji ko tana aiki, ƙarfen ya tsufa, tana iya fashewa a hannunka.

Sai dubawa. Ka kai ta haske ka ɗau foto da portabul ta kowane gefe. Ta asali ba ta da dogon bututu sam, daga ramin gangar harsashi ke fita, wuƙar kuma siririya ce mai lanƙwasa-lanƙwasa tana kwanciya a gefe. Ka nemi sunan Dolne a jiki, sannan ka duba gangar da kyau, kayan Liyej suna da ɗan tambari kamar ƙwai da haruffa ELG da tauraro a ciki, in da kambi a samanshi to daga 1893 ne zuwa sama. In ka ga alamar walda ko sukurori sabbi fil masu ƙyalli, hankalinka ya tsaya, an taɓa ta ko kwaikwayo ce.

Akwai 'yar uwarta ta Amurka wadda James Reid ya yi a garin Catskill, ita ba wuƙa, zobe guda gare ta, jikin tagulla mai zane, an rubuta My Friend da kwanan wata 26 ga Disamba 1865.

Inda ya fi damuna shi ne gogewa. Mutanenmu da sun ga tsatsa sai a ɗauko toka da lemun tsami ko soson ƙarfe a dirje abu har ya yi ƙal, wallahi nan darajar ke tafiya, don tambarin da lambar da duhun nan na tsufa su mai saye ke nema. Tsumma mai laushi ya isa, da ɗigon man keken ɗinki a kan ƙarfe, in wuƙar ta ƙi buɗewa ka bar ta, kar ka ɓanɓare da pinsi. Ka naɗe ta a tsumman auduga ba leda ba, leda tana tara gumi musamman da damina.

Batun hukuma kuma ba wasa ba ne a halin tsaron da muke ciki. Komai tsufanta bindiga ce, riƙe ta sai da izini, kar ka sa ta aljihu ka hau kabu-kabu ko ka watsa fotonta a WhatsApp kana neman mai saye. Ka bar ta inda take a kulle, ka je komisariya ko jandarmeri da foton ka yi bayanin yadda ka same ta, akwai kuma hukumar CNCCAI mai tattara makamai. Ka roƙa a tuntuɓi ma'aikatan gidan tarihi na Boubou Hama su duba ta kafin a yanke shawarar inda za ta.