Yadda ake gyara hannu da makullin taga mai gilashi biyu

Jama'a na yi wannan rubutun ne saboda ƴan'uwanmu da ke zaune a Ingila, musamman ɗalibai da ma'aikatan asibiti da ba su daɗe da zuwa ba, don da zarar sanyi ya kama sai kiran waya ya yi yawa, kuma maganar ɗaya ce, taga ta ƙi rufuwa ko hannunta ya karye ko iska na shigowa. Ina ɗan taɓa gyare-gyaren gida a ƙarshen mako kuma wallahi abin da ke damuna shine ganin mutum na kwana cikin sanyi da yara, hita na ta cin kuɗi, a kan ƙarfen da bai fi tsawon yatsa ba.

Kwanaki na je gidan wata baiwar Allah, na tarar ta cusa tawul a gefen tagar ɗakin yara ta bi shi da salatif, hannun tagar kuwa sai juyawa yake kamar fanka baya kama komai. Na tambaye ta yaushe ya fara, ta ce "ai Malam tun bazara yake tauri, sai na sa hannu biyu nake rufewa." Toh anan matsalar take. Tagar nan ta yi wata da watanni tana nuna alama, duk ranar da aka danne ta da ƙarfi ana cin haƙoran giyar da ke ciki ne har ranar da suka ƙare. Don haka in baka ɗauki komai a rubutun nan ba ka ɗauki wannan, hannun taga in ya yi tauri kar ka sa masa ƙarfi, tsaya ka duba dalili.

Kafin ka taɓa komai, in haya kake to gyaran taga a dokar Ingila haƙƙin mai gida ne, dokar haya ta 1985 sashe na 11 ita ta ɗora masa gyaran jikin gini da wajensa. Ka ɗauki hoto ko bidiyo ka tura masa ko ejan a rubuce, kar ka tsaya a waya kawai. In kuma gidanka ne ka fara duba takardun tagar, yawancin kamfanoni na ba da garanti na shekara 10, kuma sau da yawa akwai shekarar da aka yi gilashin a buge jikin siririn ƙarfen da ke tsakanin gilasan biyu, leƙa da fitilar waya zaka gani.

Yanzu ka buɗe tagar ka kalli gefenta. Zaka ga doguwar falle ta ƙarfe a jiki da wasu ƴan kawuna masu kama da kan ƙusa sun fito, in ka juya hannu sai su zame sama ko ƙasa, su ne ke shiga cikin ƴan ƙarafan da ke jikin firam su riƙe tagar. A tsakiya daidai bayan hannun akwai ɗan akwatin giya, shi ke karɓar juyin hannu ya tura fallen. Shikenan duk sirrin kenan.

Gwajin farko kyauta ne. Tagar na buɗe ka juya hannun sama da ƙasa. In ya tafi sumul amma da ka rufe sai ya yi tauri, to makullin lafiyarsa ƙalau, tagar ce ta ɗan sauka ko ta karkace kawunan basa haɗuwa da mazauninsu. In kuwa a buɗen ma yana tauri ko yana ƙara ƙas-ƙas, datti ne da rashin mai ko kuma giyar ta fara mutuwa. In yana juyawa fayau ba abin da ke motsi, ko sandar hannun ta cinye ko giyar ta fashe.

Mai tauri a buɗe fara da wanki, tsohon buroshin haƙori da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ka goge fallen nan da kawunan da cikin firam ta ƙasa inda ƙura da matattun ƙwari ke taruwa, ka busar, sannan ka fesa man silikon ko ka ɗiga mai marar kauri irin na keken ɗinki a duk inda ƙarfe ke zamewa kan ƙarfe, ka yi ta juya hannun kamar sau ashirin har man ya ratsa. Mutanenmu na son WD-40, yana da kyau wajen sakin tsatsa amma baya daɗewa yake bushewa, don haka bayan shi ka bi da mai na gaske. Ramin ɗan makulli kuma kar ka zuba masa mai, datti yake tarawa, garin fensir ya fi, ka goga bakin fensir a jikin ɗan makullin ka sa ka zare sau da yawa. Kuma dan Allah banda fetur ko tina ko soson ƙarfe a jikin farin firam ɗin nan na roba, yana kashe ƙyallinsa kuma baya dawowa.

Canjin hannu shine aikin da ya fi kowanne sauƙi, minti goma ya isa. Irin wanda ya fi yawa shine mai sanda a baya da ake kira esfag. Noti biyu ne kawai ke riƙe da shi, ka juya hannun zuwa buɗe zaka ga ɗaya a ƙarƙashinsa, ɗayan yana ɓoye a ƙarƙashin ƴar murfin roba, ka sa bakin wuƙa a hankali ka ɗaga ta. Ka kwance su ka zaro hannun. Sandar mai kusurwa huɗu ce, kaurinta milimita 7, tsakanin notin biyu kuma milimita 43, wannan kusan duk iri ɗaya ne, inda ake shan wahala shine tsawon sandar don akwai mai 15 akwai 20 akwai 30 akwai 40 har sama. In ta yi gajarta bazata kai giya ba, in ta yi tsawo hannun bazai zauna ba, gara mai tsawo don ana iya rage ta da zarton ƙarfe. Ka kuma lura ko hannun miƙaƙƙe ne ko mai lanƙwasa, mai lanƙwasa akwai na dama akwai na hagu. Ni shawarata ka sa tsohon a aljihu ka tafi da shi shagon kayan gyara irin su Screwfix ko Toolstation ko B&Q ka ɗora a kan kanta, ya fi dogon turanci.

Amma kafin ka fita, tunda hannun na cire, sa sukurudireba mai faɗin baki a cikin ramin nan mai kusurwa huɗu ka juya a hankali tagar na buɗe. In kawunan sun motsa, alhamdulillahi hannu ne kawai. In ramin na juyawa ba abin da ya motsa, giya ce, sabon hannu bazai yi maka komai ba. Na ga mutane da yawa sun sayi hannu har biyu kafin su gane haka.

Tsofaffin tagogi kuma akwai masu hannu mai ɗan hanci da ke hawa kan wata ƴar roba a jikin firam, babu giya babu falle. Shi abin aunawa tsayin hancin ne daga gindin hannu, milimita 9 ko 13 ko 17 ko 21, kuma sau da yawa ma ƴar robar ce ta cinye ko ta faɗi, ita kaɗai zaka canza tagar ta koma tana matsewa.

Giya in ta mutu aikin ya ɗan fi tsawo amma ba gagara bane matuƙar tagar na buɗuwa. Ka ɗauki hoton gefen tagar tukuna don ka tuna yadda komai yake zaune, ka cire hannu, ka bi notikan fallen ɗaya bayan ɗaya ka zuba su a kofi, sai ka zaro ta gaba ɗaya. Abin da zaka auna, tsawon fallen, faɗinta, yawan kawuna da inda suke, sai nisa daga fuskar fallen zuwa tsakiyar ramin sanda wanda yawanci 20 ne ko 22 ko 25, milimita biyun nan ba wasa bane, in ka kuskure ramin bazai zo daidai da hannu ba. Duba jikin ƙarfen akwai sunan kamfani ko lamba a buge, shi zai sauƙaƙa maka nema. Wajen mayarwa ka gwada sau da yawa a buɗe kafin ka rufe, ranar farko ka rufe a hankali.

In kuwa giyar ta mutu tagar na kulle, anan ni nake cewa a kira mai sana'a. Ana iya zura siririn ƙarfe ta tsakanin roba a tura kawunan su saki, amma wanda bai saba ba ƙarshenta ya yaga roba ko ya fasa gilashi, kuɗin ya ninka.

Sai tagar da ta sauka. Ka duba ƴan ƙarafan jikin firam zaka ga inda kan ke gogawa ya yi ƙyalli, wannan tabon shi ke gaya maka ta ina aka kauce. Ka zana gefen ƙarfen da fensir, ka sassauta notinsa ka matsar kaɗan, milimita ɗaya ko biyu, ka ɗaure ka gwada. Su kansu kawunan ba a tsakiya suke zaune ba, da alanki, ɗan ƙarfen kwance noti mai kusurwa shida, yawanci lamba 4 ana juya su, ɓangare ɗaya yana ƙara matse tagar a jikin roba ɗayan yana sassautawa. Ka sa takarda ka rufe tagar a kanta ka ja, in ta zare ba wahala to ta nan iska ke shigowa, ka juya kan da ke kusa kwata ɗaya ka sake gwadawa. Kar ka matse har hannu ya koma tauri, ka dawo gidan jiya kenan. In robar ce ta bushe ta tsattsage ko ta janye daga kusurwa, ana sayar da ita a mita, yanko ɗan guntu ka tafi da shi don siffarsu ta bambanta.

Hinjin waɗannan tagogi kamar almakashi yake. In ka rufe ka ga kusurwar da ke ɓangaren hinji ta bar ƙofa har kana hango haske, ko tagar na buƙatar a turo ta daga waje, ya gama aiki. Ana canza su biyu tare, ana auna tsawo da inci, 8, 10, 12, 16, 20 ko 24, da kaurinsa in ya naɗe, milimita 13 ko 17. Wannan aikin mutum biyu ne ba na yarda da wasa a nan, gilashi mai kaurin milimita 4 guda biyu nauyinsu kilo 20 ne a kowace murabba'in mita banda firam, in a bene ne kuma ka bar wa masu aikin. In dai kawai tagar bata tsayawa ne iska na kaɗa ta, akwai ɗan noti a jikin abin da ke zamewa cikin hinjin, ɗaure shi kaɗan. Kuma tagar ɗakin kwana ta sama sau da yawa ita ce hanyar fita in gobara ta tashi, Allah Ya kiyaye, hinjinta na musamman ne mai buɗewa sosai, kar a musanya shi da na gama-gari kuma kar a taɓa ɗaure ta da noti don an gaji da gyara. 

Masu taga mai buɗewa ciki kashi biyu, ta kwanto ta sama ko ta buɗe kamar ƙofa, wataran zaka ga ta saki ta rataye a kusurwa ɗaya hannun ya ƙi motsi. Kar ka tsorata bata karye ba. A gefenta wajen hannu akwai ɗan harshe mai sifirin, danna shi ya miƙe, ka tura kusurwar sama ta koma mazauninta a jikin firam, kana danne da harshen ka juya hannun zuwa inda take buɗewa kamar ƙofa, sai ka rufe yadda ka saba.

Batun raɓa a jikin gilashi kuma kala uku ne. In a waje take da sassafe ba komai, alamar gilashin na riƙe ɗumi ne. In a cikin ɗaki ne, tururin girki da shanya ne, buɗe ƴar kafar iska da ke saman firam, mutanenmu na yawan toshe ta saboda sanyi daga nan baƙin fumfuna ya bi bango yara su kama tari. In kuma tsakanin gilasan biyu take inda hannu baya kaiwa, liƙin gefen ya buɗe, iskar argon da ke ciki ta fita danshi ya shiga, gogewa ko fesawa bazasu yi ba. Gilashin kaɗai ake canzawa, firam ɗin na nan, don haka in wani ya ce sai an tumɓuke tagar gaba ɗaya ka nemi ra'ayin mutum na biyu. Mai gilashi zai auna faɗi da tsawo da kauri, yawanci milimita 24 ko 28, kuma in gilashin ya yi ƙasa da santimita 80 daga daɓe ka tabbatar ya kawo mai ƙarfin nan da in ya fashe yake zama tsakuwa-tsakuwa, akwai ɗan tambari a kusurwarsa, ka duba da idonka kafin ya ɗaura.