Idan Kana Son Koyon Wayarin Gida

Kafin maigidana ya bar ni in riƙe filaya, sai da ya koya mini kashe wuta. Ka sauke bireka, wato makunnin da ke yanke wutar layin, ka gwada mitarka ta gwajin wuta a inda ka san akwai wuta, ka gwada wayar da za ka taɓa, sannan ka sake gwada mitar. Sau ɗaya na yi gaggawa na tsallake wannan, har yau tabon yana nan a babban yatsana.

Shawarata, ka haɗa makarantar koyon sana'a da bin ƙwararren maigida. A aji za ka koyi dokar Ohm, wato lissafin yadda wuta ke gudu a waya, da karanta zanen gida. A wurin aiki kuwa hannu ne ke koyo: fasa bango, zura waya a bututu, ɗaure soket. Watannin farko ɗaukar tsani ne, kada ka raina, a nan ido ke buɗewa.

Inda ya kamata ka zauna sosai shi ne kaurin waya. Inda ake aunawa da milimita, galibi 1.5 ta fitilu ce, 2.5 ta soket, kukar girki ko hitar ruwa kuma a ba su layinsu daban. Siririyar waya in an ɗora mata nauyi, zafi take ɗauka cikin bango ba mai gani, sai dai a ji gobara. Wayar ƙasa, mai kore da rawaya, wadda ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa, ba a barin ta don araha, ko da mai gidan ya matsa.

Ka riƙa rubuta ayyukan da ka yi, za su yi maka amfani ranar neman lasisi.