Kafin ki hau jirgin ƙasa a Rigasa: nasiha ga masu tafiya Ingila

Tunda na zo hutu gidanmu a Tudun Wadar Kaduna, kusan kullum bayan la'asar sai an yi mini sallama. Yau nas ce da ta gama shirin tafiya, gobe ɗan maƙwabta da ya samu gurbin digiri na biyu. Shekaranjiya wata uwa ce ta zo, ɗanta na Bradford ya yi wata huɗu ba ya ɗaga mata waya. Shekarata tara ina aikin jinya a Manchester, kuma abin da na ga ya fi jefa mutanenmu cikin wahala a can shi ne kunya: kunyar tambaya, kunyar cewa an cuce ni, kunyar gaya wa gida cewa babu. Shi ya sa na ce bari in rubuta miki, ƙanwata. Ƙannena maza ma su karanta, maganar ta shafe su.

Ta jaka ba ta da tsawo. Kilishi da dambun nama da man shanu ki bar su a gida, dokar Birtaniya ta hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashe irin namu, ƙwacewa za a yi. Ki ɗauki kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji, ki kuma leƙa Kasuwar Barci ki zaɓi rigar sanyi mai kauri ko da guda ɗaya ce.

Bizarki ita ce igiyar da komai ya rataya a kanta, don haka ki zauna ki karanta sharuɗɗanta da idonki. Yanzu an daina ba da katin zama, shaidar tana intanet, daga nan za ki riƙa ciro lambar da mai gidan haya da mai ba ki aiki za su duba. Kalmar sirrin shiga wurin ta zauna a hannunki, kada ki bar ta wurin ejan. Ɗalibin jami'a sa'a 20 aka yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu. Za ki haɗu da masu ce miki kowa na wucewa, ga aikin da ake biya a hannu ba wanda zai sani. Ranar da asiri ya tonu, su suna nan zaune, ke ce za a soke wa biza.

Maganar aikin kula da tsofaffi ce ta fi ci mini rai. Tun 11 ga Maris 2024 aka hana masu wannan aiki tahowa da miji ko 'ya'ya, kamar yadda aka hana yawancin ɗaliban digiri na biyu tun Janairun shekarar. A Yulin 2025 kuma aka rufe ɗauko sababbin masu wannan aiki daga ƙasashen waje. Saboda haka duk wanda ya tare ki a Kaduna ya ce ki kawo miliyoyi zai samo miki takardar ɗaukar nauyi ta wannan aiki, maƙaryaci ne. Na san wata yarinya da aka sayar da filin gado aka biya mata, tun ƙofar tana buɗe. Ta sauka ta tarar kamfanin ba shi da aikin da zai ba ta. Wata uku tana kwana a falon mutane, tana tura wa gida hotuna da murmushi, ba ta gaya wa kowa ba. Da ta yi magana da wuri, da an nuna mata hanya. Idan aka ƙwace lasisin mai ɗaukar nauyinki, yawanci kwana 60 ake ba ki ki nemi wani, kowace rana da kika yi shiru tana fita ne daga cikinsu. Akwai Citizens Advice, kyauta suke ba da shawara. Ki shiga ƙungiyar ma'aikata tun albashin farko. Babu mai ikon riƙe miki fasfo, ko wane ne shi. Mafi ƙarancin albashi kuma doka ce ta yanke shi: a Afrilun 2025 fam 12.21 ne a sa'a ga mai shekara 21 zuwa sama, kuma duk Afrilu ake sake duba shi.

Wurin kama ɗaki, kuɗin ajiya a Ingila ba ya wuce hayar mako biyar, kuma wajibi ne mai gida ya saka shi a asusun kariya cikin kwana 30. Ki ɗauki hoton kowane lungu ranar da kika shiga. Ki tambaya ko kuɗin wuta da gas da harajin ƙaramar hukuma suna cikin hayar. An yafe wa ɗalibai wannan harajin, amma sai sun kai shaida.

A makon farko ki yi rajista da likitan unguwa, wanda suke kira GP. Ba a biyan ko sisi. Lambar 111 ta ciwon da bai kai na gaggawa ba ce, 999 ta rai-kwakwai-mutu-kwakwai. Ki riƙa shan bitamin D, domin fatarmu ba ta samun isasshiyar rana a can. Kada ki auna sanyinsu da hunturun Kaduna. A Disamba ana kiran magariba kafin ƙarfe huɗu, ki fita aiki da duhu ki dawo da duhu, ba mai leƙo ki ya ce ina gajiya. Shekarata ta farko na yi makonni ina kuka ban san dalili ba. Ciwon damuwa ne, yana da magani, kuma gaya wa likita bai rage mini imani ba.

Sai batun gida. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, duk wanda ya ji albashinki a waya zai buga lissafi, ya ga kin zama attajira. Ba ya ganin haraji da haya da kuɗin bas. Ni da na gaji, takardar albashina na tura wa Baba, na bi layi-layi na yi masa bayani. Daga ranar shi ke tare mini masu roƙo. Ki yanke abin da za ki iya turawa duk wata ki tsaya a kansa. Zumunci wajibi ne, amma ban yarda a ci bashin banki mai ruwa don a yi bikin nuna isa a Kaduna ba.

Su kansu mutanen ƙasar ra'ayinsu a kanmu ya rabu. Asibitocinsu ba za su tsaya ba in babu baƙi, duk da haka a Agustan 2024, bayan kisan yara mata uku a Southport da ƙaryar da aka yaɗa cewa baƙo Musulmi ne ya yi, an kai wa masallatai hari, an kuma cinna wuta a otal ɗin masu neman mafaka kusa da Rotherham. A wancan makon maƙwabciyata Baturiya ce ta riƙa kai ni aiki a motarta saboda hijabina. Za ki haɗu da irin waɗancan, za ki haɗu da irinta. Wanda ya zage ki a wurin aiki, ki rubuta rana da lokaci ki kai ƙara. Ina kuma tuna ɗakunan marasa lafiya da muka baro a nan, inda nas ɗaya ke fama da gadajen da ya kamata a ce uku ne a kansu. Ba na hana kowa tafiya, amma abin yana damuna.

Mai yara ta sani cewa an haramta dukan yaro gaba ɗaya a Scotland tun 2020, a Wales tun 2022, a Ingila ma malami ya ga tabo zai sanar da hukuma. Ki yi musu Hausa a gida, Turanci zai same su a makaranta. Ki nemi masallaci ko cocin da 'yan Arewa ke haɗuwa tun kafin buƙata ta taso.

Uwar yaron nan na Bradford na ce mata ta tura masa saƙon murya, ta ce ba kuɗi take nema ba, muryarsa kawai take son ji. Ta tura a gabana. Na karɓi lambarsa, na yi mata alkawarin in na koma zan je in duba shi, tafiyar kamar sa'a ɗaya ce a jirgin ƙasa daga wurina.