Kafin ka ɗaura wa Toyota 86 turbo ko sufacaja, ga yadda aikin yake

Duk wanda ya taɓa tuƙa Toyota 86 ko 'yar uwarta Subaru BRZ ya san ƙorafin ɗaya ne, mota ce mai daɗin sitiyari, tana shan kwana yadda kake so, amma in ka taka mata totur a miƙaƙƙen titi sai ka ji kamar da saura. Injin da ta fara fitowa da shi a 2012 shi ne FA20, lita 2.0, silinda huɗu a kwance, doki 200 yake bayarwa, kuma akwai wani waje wajen 4,000 rpm, wato juyin injin a minti, da jan yake faɗuwa kafin ya sake ɗagowa. Shi ya sa mutane ke ɗaura mata turbo ko sufacaja. Toh amma fa ita na'urar da za ka saya ita ce mafi sauƙi a aikin, wahalar tana wajen zafi da mai da tunin, wato saita kwamfutar motar.

Aikinsu duka ɗaya ne, su cusa wa injin iska fiye da wadda zai shaƙa da kansa, in iska ta ƙaru ka ƙara fetur sai ƙarfi ya ƙaru. Iskar da muke shaƙa matsinta 14.7 psi ne (psi ma'aunin matsi ne) a bakin teku, kaga in ka ƙara 7 psi ka ƙara kusan rabi ke nan, motar doki 200 sai ta haura 270. Turbo hayaƙin salansa ne ke juya shi, sai injin ya ɗan hau kafin ya kama, da ya kama kuma sai ya zo da jan gaba ɗaya. Sufacaja kuwa bel ne ke jan sa daga karanshaf, yana cin wani abu daga ƙarfin injin amma jan nasa a hankali yake hawa, babu fizga. Ni dai a injin da ba a buɗe shi ba, sufacaja nake ba mutum shawara, irin kit ɗin HKS ko Jackson Racing, saboda abin da ke lanƙwasa kwanrod, ƙarfen da ke haɗa fistan da karanshaf, shi ne jan da ke zuwa da ƙarfi lokaci ɗaya alhali injin na ƙasa-ƙasa, kuma halin turbo ke nan.

Ga inda gizo ke saƙar. FA20 na 86 kwamfireshin ɗinsa, wato yawan matse iska da mai da fistan ke yi a silinda, 12.5:1 ne, ya yi sama sosai. Ka duba Subaru WRX ta 2015, injin dangi ɗaya ne amma da yake da turbo ya fito daga kamfani sai Subaru suka sauke shi zuwa 10.6:1, ba don ba su iya lissafi ba. Injin mai matsi sosai in ka ƙara masa iska mai zafi, man sai ya fashe da kansa ba yadda fulogi ya tsara ba, ka ji wata 'yar ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wani lokacin ma ba za ka ji ba sai dai fistan ya tsage ta wajen ringi. Don haka kar ka wuce 6 zuwa 8 psi in ba ka canza fistan da kwanrod ba, duk wanda ya ce maka a ƙara kaɗan ba komai, ka tambaye shi ko zai biya kuɗin injin.

Kafin ka kwance ko noti ɗaya a auna lafiyar injin tukuna. A cire fulogi huɗun a sa gejin kwamfireshin, silindojin su zo kusa da juna, in ɗaya ta faɗi sama da kashi 10 cikin 100 a tsaya a nemo dalili. A duba ko yana shan baƙin mai, ko lagireto na rage ruwa, ko akwai wata wuta da ke kunne a dashbod. Yawancin waɗannan motocin da suke shigo mana an ci zamaninsu a Amurka ko Japan kafin su hau jirgin ruwa, turbo baya gyara gajiyayyen injin sai dai ya ƙarasa shi.

Shi ɗaurawar, in kit cikakke ka sayo wanda aka yi don motar, bakanike mai natsuwa zai iya. Na sufacaja a cire tsohon bututun iska, a ɗaura bireket, a sa sabon bel mai tsawo a tabbatar fulolin sun hau layi ɗaya in ba haka ba bel zai riƙa cin gefe. Na turbo ya fi rikici don sai an canza manifol na salansa, a jawo masa layin baƙin mai daga injin sannan a yi masa hanyar komawa samfo, kaskon da man ke taruwa a ƙasan injin. Wannan bututun komawar shi mutane ke rainawa, a yawancin kit man da kansa yake gangarowa babu famfon da ke tura shi, dole bututun ya zama mai faɗi kuma ya sauka ƙasa ba lanƙwasa, in ya toshe man ya taru a turbo ya biyo salansa ka ga shuɗin hayaƙi kai ta zagin turbon alhali lafiyarsa ƙalau. Kuma turbo abu ne da ke juyi sama da 100,000 a minti, ka cika shi da mai da hannu kafin tashin farko. Duk wayar wuta da tiyo da ke kusa da shi a naɗe su da abin kare zafi.

Intakula kam, mai sanyaya iskar da aka matsa kafin ta shiga injin, ba zaɓi ba ne a wajenmu. Mu a Kano ko Sakkwato watan Afrilu zafi na haura digiri 40, iskar tun kafin a matsa ta ma da zafinta. Ka ƙara da na'urar sanyaya baƙin mai, dama 86 ko ba a taɓa ta ba baƙin man nata na zafi in aka matsa mata. Sannan ƙurar hunturu, kar ka sa irin matatar iskan nan buɗaɗɗiya don ƙara mai daɗi, yashi zai ci fukafukan turbo.

Sai tunin, wato sake rubuta lissafin birenbos, kwamfutar motar, a 86 da manhajar EcuTek aka fi yi. Kar ka taka motar da ƙarfi ko sau ɗaya kafin a yi shi. Taswirar tunin da ke zuwa da kit an yi ta ne da man ƙasashen waje mai oktan sama, wato wanda ba ya saurin fashewa da kansa, namu na gidan mai bai kai ba kuma yau daban gobe daban, dole mai tunin ya ja tayimin, wato lokacin da fulogi ke kunna mai, baya ya bar sarari. In babu mai yi kusa da kai ana yi daga nesa, ka haɗa laftof ka ɗauki bayanan tafiya ka tura masa ya gyara ya dawo maka da shi. Abin da za a kalla shi ne ko birenbos na janye tayimin saboda ƙwanƙwasa, wato waccan ƙarar tsakuwa a gwangwani, da haɗin iska da mai, wanda lokacin da ka take totur ƙasa ya kamata ya zauna wajen 11.5:1, in ka ga yana tafiya 13 ɗaga ƙafarka nan take, mai ne bai isa ba, sai a duba famfon mai da nozul.

Ka ware kuɗin kuloci tun yanzu don na kamfani zai fara sulɓi, za ka gane a giya ta huɗu ko ta biyar in rpm ya hau motar ba ta ƙara gudu ba. Birki da taya ma a duba su, baƙin mai kuma a riƙa juye shi da wuri fiye da da, kuma in ka dawo daga gudu da turbo bar injin ya yi silo minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe.